Guzurin Ɗalibi Mai Tafiya Karatu Ƙasar Waje

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya hanyoyi a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a kowace shekara idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta zuwa Satumba, akan ga samari da 'yan mata a filayen jiragen sama na Kano da Abuja da Yamai, kowa da akwatinsa da fasfonsa, iyaye na biye da su har ƙofar da ba a barin ɗan rakiya ya wuce. Daga cikinsu akwai waɗanda shekara guda tak za su yi, bisa ga tsarin nan na musayar ɗalibai, watau a aika da ɗalibi wata makaranta a wata ƙasa, ya zauna shekarar karatu ɗaya, sa'an nan ya komo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ƙasashen Turai sun kafa irin nasu mai suna Erasmus a 1987. Majalisar dokokin Amurka kuma ta kafa wani a 2002, bayan harin 11 ga Satumba na 2001, wanda ta hanyarsa yara 'yan sakandare daga ƙasashen da Musulmi ke da yawa, har da Nijeriya, suka riƙa zuwa suna zama a gidajen Amurkawa, suna cin abincinsu, suna zuwa makaranta tare da 'ya'yansu. Yaro ke nan ɗan shekara 16, wanda watakila bai taɓa kwana a wajen garinsu ba, aka ɗauke shi aka ajiye cikin iyalin da ba su taɓa ganin ana alwala ba. To, me shari'a ta ce game da wannan tafiya, me kuma ta ɗora wa matafiyin da iyayensa?

Asalin barin gida domin neman sani abin yabo ne, kuma annabawa ne suka fara taka wannan hanya. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ko wane ne ya fi kowa sani, ya ce shi ne, bai mayar da sanin ga Allah ba. Sai Allah ya sanar da shi cewa akwai wani bawa nasa a mahaɗar tekuna biyu wanda ya san abin da shi bai sani ba. Nan take ya ɗauki guzuri ya kama hanya tare da yaronsa. Labarin yana cikin Suratul Kahfi daga aya ta 60 zuwa ta 82, kuma duk wanda ya karanta shi da natsuwa zai ga Alƙur'ani bai ɓoye wahalar tafiyar ba, ya ambaci gajiya, ya ambaci mantuwa, ya ambaci yadda babban manzo ya nemi izinin bin malami da ladabi. A cikin sahabbai kuma, Jabiru ɗan Abdullahi ya sayi raƙumi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham wurin Abdullahi ɗan Unaisu domin ya ji hadisi ɗaya daga bakinsa.

A nan ya kamata a yi wani ɗan gyara. Maganar nan da ake yawan jinginawa ga Manzon Allah a wurin bukukuwan yaye ɗalibai, wadda ta ambaci neman ilmi har ƙasar Sin, malaman hadisi ba su inganta ta ba, har ma Ibnul Jauzi ya sanya ta cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai. Abin da ya inganta a wannan babi ya wadatar, babu bukatar jingina da bangon da ya tsage.

Wani zai ce, ai waɗancan ilmin addini suka tafi nema, wurin malamai masu tsoron Allah, ina haɗinsu da yaron da za shi koyon lissafi da kimiyya wurin waɗanda ba Musulmi ba? Amsar tana cikin tarihin Madina. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin Ƙuraishawa da ba su da dukiyar fansa an sanya su koya wa yaran Madina rubutu, kowane ɗaya yara 10, alhali kuwa mushirikai ne. Haka nan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya kuwa iya shi cikin kimanin rabin wata. Malamai sun sanya likitanci da lissafi da sana'o'in da jama'a ba ta rayuwa sai da su cikin farilla ta kifaya, wadda idan kowa ya bar ta, kowa ya yi laifi. Ko a ƙasar nan an ga amfanin shekara guda a waje. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Jami'ar Landan a 1945 ya yi shekara ɗaya yana nazarin aikin malanta. Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya tafi Bakht er Ruda ta ƙasar Sudan a 1954, ya komo ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa, daga baya ya fassara Alƙur'ani da Hausa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce tafiya mabuɗin ilmi.

Sai dai halaccin tafiyar yana da sharuɗɗa, kuma na farkonsu yardar iyaye. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutum da ya zo yi wa Annabi mubaya'a a kan hijira, ya ce ya baro mahaifansa suna kuka. Aka umarce shi ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Idan hijira zuwa ga Manzon Allah da kansa ba ta halatta wa mutum ya bar iyayensa cikin hawaye ba, yaya takardar gayyata daga wata makaranta za ta halatta masa? Malaman Malikiyya sun bayyana cewa iyaye suna da ikon hana ɗansu tafiyar da take farilla ta kifaya ce, ba su da ikon hana shi koyon abin da ya wajaba a kansa shi kansa, kamar tsarki da salla, idan babu mai koya masa a garin. Karatun musaya kuwa, komai amfaninsa, yana cikin kashi na farko.

Akwai misali a tarihin ƙasar Hausa da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Malam Abdullahi na Gwandu ya ba da labari a cikin littafinsa Ida'un Nusukhi cewa yayansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru yana karatu a wurinsa kimanin shekara guda, har suka kai Agadas. Daga nan malamin ya yi niyyar wucewa Makka aikin hajji. Ga saurayi mai ƙishin ilmi, ga malamin da yake ƙauna, ga ayari ya ɗaure kaya zuwa Ɗakin Allah, wace dama ce ta fi wannan? Amma Malam Jibrilu ya mai da shi gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin zuwa hajji ba. Izinin da aka ba shi na karatu ne, iyakarsa ke nan. Shehu ya juyo, kuma har ya bar duniya a 1817 bai taka ƙasar Makka ba. Duk da haka wa zai ce wannan juyowa hasara ce, alhali ga abin da Allah ya gudanar ta hannunsa? Mai karatu ya lura kuma da halin malamin, wanda bai ce wa ɗalibinsa su tafi in ya so a ba uban haƙuri daga baya ba.

Wannan iko da aka ba iyaye amana ce, ba sandar duka ba. Uban da ya hana ɗansa alheri don kawai tsoron abin da maƙwabta za su ce ya tauye shi. Wanda kuma ya ingiza yaro don a ce ɗan wane yana Turai, bai tambayi gidan da za a sauke shi ba, bai san ko akwai masallaci a garin ba, bai duba ko yaron ya iya Ahalari da Ishmawi ba, wannan ya fi na farko ganganci. Wajibi ne a san sunan mai masaukin, da iyalinsa, da wanda za a kai wa ƙara idan zama ya ƙi daɗi. Game da 'ya mace al'amarin ya fi nauyi. Hadisin hana mace tafiya mai nisa ba tare da muharrami ba ya tabbata a Buhari da Muslim. Malikiyya sun yi rangwame da amintacciyar tawaga a hajjin farilla, wasu malaman zamani kuma sun faɗaɗa wannan zuwa tafiyar karatu idan hanya da masauki sun aminta, wasu ba su yarda ba. Wanda ya ɗauki fatawar masu rangwame, to ya ɗauke ta tare da sharaɗinta, kada ya cinye tuwon ya bar miyar.

Idan an daidaita a kan tafiya, ɗalibi ya yi istihara, ya biya bashin da ke kansa ko ya wakilta mai biya, ya mai da littattafan aro, ya zaga dangi ya yi sallama, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa. Sunna ce masu rakiya su damƙa wa Allah amanar addinin matafiyi da amanarsa da ƙarshen ayyukansa, kamar yadda Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito. A duba abin da aka fara ambata a wannan addu'a. Addini ne, domin shi ya fi saurin salwanta a hanya, ya fi kuɗi, ya fi fasfo. Addu'ar hawa abin hawa kuwa tana cikin Suratuz Zukhrufi, aya ta 13 da ta 14, kuma yadda ta dace da raƙumi haka ta dace da jirgin sama.

Sai maganar salla, inda ɗalibai da yawa kan yi kuskure da kyakkyawar niyya. Ƙasaru tana halatta a tafiyar da ta kai mil 48, daga lokacin da matafiyi ya wuce gidajen garinsu, kuma sallolin nan masu raka'a huɗu kaɗai ake mayarwa biyu, ban da Asuba da Magariba. Amma a mazhabar Imamu Malik, da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani gari, hukuncin matafiyi ya faɗi daga kansa. Saboda haka wanda ya sauka da niyyar wata 10 mazauni ne tun ranar da ya isa. Zai cika salla, zai yi azumin Ramalana, kuma Jumma'a ta hau kan namiji muddin akwai masallacinta kusa da shi. Babu wani rangwamen baƙunta da zai ɗauke shi shekara guda.

Alƙibla ma abin lura ce. Bahaushe ya saba ce wa alƙibla gabas, har yakan ce wane bai san gabas ba idan yana nufin ba ya salla. Daga Kano hakan ya yi daidai, domin Makka tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa. Amma wanda ke Landan ko Alƙahira kudu maso gabas zai fuskanta. Wanda ke Niyok arewa maso gabas zai dosa. Wanda ya tafi Maleshiya ko birnin Bejin na ƙasar Sin kuwa, alƙiblarsa tana wajen yamma, idan ya bi mafitar rana yadda ya saba a gida ya juya wa Ka'aba baya ke nan. Yau wayar hannu tana nuna alƙibla, amma ya fi kyau a tabbatar da ita daga mihrabin masallacin garin.

Lokuta kuma sukan rikita wanda ya tashi a inda dare da rana ba su cika bambanta da fiye da sa'a guda ko biyu ba. A Landan cikin watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, har Azahar da La'asar da Magariba su taru cikin sa'o'i huɗu, mafi yawansu ɗalibi yana aji ko yana hanyar komawa masauki. Wanda bai je wurin shugaban makaranta tun makon farko ya nemi ɗan wurin da zai yi salla ba, zai wayi gari yana tara salloli zuwa dare, daga tarawa kuma sai bari. Cikin watan Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma akwai makonnin da hasken shafaƙi ba ya gushewa sarai har gari ya waye. A nan majalisun fiƙihu sun yi fatawa da ƙaddara lokacin Lisha da Asuba, abin da ya fi dacewa da baƙo shi ne ya bi jadawalin masallacin da ke kusa da shi. Ramalana yana ja da baya kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2016 ya faɗo cikin Yuni, Musulmin Ingila suka yi azumin da ya haura sa'a 18. Ɗalibi ya duba tun yana gida wane yanayi azumin shekararsa zai riske shi.

Game da abinci, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, aya ta 3 kuma ta haramta mushe da jini da naman alade. Malamai sun yi saɓani a kan naman kantunan Turai na yau, saboda yadda ake kashe dabbobin da kuma wanda ke yankan. Mai son kuɓuta ya nemi mahautan Musulmi, idan babu, ga kifi, ga ƙwai, ga wake da ganyaye. Alade kuwa yakan ɓuya cikin kitsen suya da kayan zaƙi, giya ma takan shiga miya, don haka a koyi sunayensu da harshen ƙasar, a riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gaya wa uwar masauki tun ranar farko, da sakin fuska da godiya. Wanda ya yi shiru don kunya, sa'an nan ya riƙa ture kwano, ya ɓata mata rai ya kuma bar kansa da yunwa.

Akwai wani abin da kan tayar wa yaran ƙasar Hausa hankali ƙwarai, watau kare a cikin ɗaki. A wurin Imamu Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau 7 bin umarni ne na ibada. Saboda haka idan karen gida ya shafi tufar ɗalibi sallarsa ba ta ɓaci ba. Ya roƙi a hana shi shiga ɗakin kwanansa, ya kuma bar wa masu gida dabbarsu ba tare da nuna ƙyama ba.

Akan ce idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Wannan karin magana gaskiya ne a kan gaisuwa, da cika lokaci, da bin layi, da taya wanke kwanuka ko da a gida ba a saba sa namiji ba. Amma tsumman yana da iyaka. Ba ya kaiwa ga kwalbar giya, ko keɓewa da wadda ba muharrama ba, ko gidan rawa. Annabi Yusufu ya girma a gidan baƙi a Masar, nesa da mahaifinsa, babu idon dangi a kansa, kuma a cikin gidan nan ne jarrabawa ta same shi, bayan an kulle ƙofofi. Aya ta 23 ta surarsa ta nuna ya nemi tsarin Allah, ya kuma tuna da kyautatawar da aka yi masa a wannan masauki. Tsoron Allah da kunyar cin amanar mai gida suka haɗu suka tsare shi.

Ba a ce ɗalibi ya kulle kansa a ɗaki ba. Shehu Rifa'atu Ɗahɗawi, malamin Azhar, an tura shi Faris a 1826 a matsayin limamin ɗaliban Masar kimanin 40. Aikinsa jan salla ne kawai, amma ya koyi Faransanci, ya lura da makarantunsu da dokokinsu da tsarin birninsu, ya yabi abin yabo ya soki abin suka a littafin da ya rubuta, ya komo a 1831, ya shugabanci makarantar harsuna da aka kafa a 1835. Kallo irin wannan karatu ne. Akwai kuma kallon da ke cinye shekara a banza. An ruwaito cewa wata rana ana zaune a majalisin Imamu Malik a Madina sai aka ce ga giwa, ɗalibai suka watse zuwa kallo, ban da Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, mutumin Andalus. Malik ya tambaye shi dalili, tun da babu giwa a ƙasarsu. Ya amsa cewa abin da ya kawo shi daga nesa shi ne ya ga malamin ya koyi shiriyarsa da ilminsa. Malik ya yi masa laƙabi da mai hankalin Andalus. Ruwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya har yau.

Ba makawa za a tambayi ɗalibi game da addininsa, wani da son sani, wani da tsokana. Abin koyi a nan Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ne, a gaban Najjashi sarkin Habasha, wanda a lokacin Kirista ne. Da Amru ɗan Asi ya nemi ya haɗa su faɗa da sarkin ta hanyar tambaya a kan Annabi Isa, Musulmi suka yi shawara suka tsaya a kan za su faɗi abin da Annabinsu ya koya musu, kome zai faru ya faru. Ja'afaru ya faɗe shi, bai rage ba, bai kuma zagi kowa ba, sarki ya ƙara musu aminci. Yaro ɗan sakandare ba mufti ba ne. Abin da ya sani ya faɗa, abin da bai sani ba ya ce sai ya tambayo.

Biza kuma alƙawari ce, aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alƙawura. Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun tare Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka ba shi labari, ga Badar ta gabato, ga Musulmi 'yan kaɗan a gaban runduna mai ninkinsu uku, sai ya umarce su su koma Madina a cika wa abokan gaba alƙawarinsu. Wanda ya sa hannu cewa zai komo bayan shekara, sa'an nan ya sulale ya ɓuya a ƙasar mutane, ya ci amana, ya kuma toshe ƙofa ga ƙannensa da za su nema a bayansa.

Saura kewar gida, wadda takan sauko bayan ɗokin makonnin farko ya wuce, musamman ranar Salla, idan ɗalibi ya tashi ya ga gari na harkarsa kamar kullum, babu kabbara, babu hawa, ga jarrabawa ƙarfe 9. Wannan ba raunin imani ba ne, kada kuma iyaye su amsa kukan yaro da faɗa. Maliku ɗan Huwairisu ya ba da labari, kamar yadda Buhari ya kawo, cewa sun zo Madina su samari tsararrakin juna, suka zauna kwana 20 wurin Manzon Allah suna koyo. Shi da kansa ya lura sun fara begen iyalansu, ya tambaye su waɗanda suka baro a gida, suka faɗa masa. Sai ya sallame su, ya umarce su su koma su zauna cikin mutanensu su koyar da su, su yi salla yadda suka ga yana yi. Ya ƙara musu da cewa idan lokacin salla ya yi ɗayansu ya yi kira, babbansu kuma ya ja su. Ɗaliban da suka sami kansu su biyu ko uku a garin da babu masallaci, wannan umarni ya hau kansu tun daga Asubar farko.